Mece ce LGEA, kuma wa ke riƙe da firamaren unguwarmu?

Duk wanda ya bi ta Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo ko Rigasa ya san allon nan da ke jikin katangar makarantar gwamnati, mai ɗauke da haruffan LEA ko LGEA kafin sunan unguwa. Iyaye kan ce "yarona yana LEA" kamar sunan makaranta ne. A gaskiya sunan hukuma ne: Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma, wato ofishin da ke kula da makarantun firamare na gwamnati a cikin iyakar ƙaramar hukuma guda. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, saboda haka LGEA 23 gare ta, daga Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu har Sanga, Kubau da Birnin Gwari. LEA tsohon suna ne da aka gada tun daga zamanin da En'e ke riƙe da makarantu a Jihar Arewa, bakin mutane kuma bai sake shi ba.

Shugaban wannan ofishi shi ne Sakataren Ilimi, wanda malamai ke kira ES. A ƙarƙashinsa akwai sassan da ke kula da ma'aikata, kuɗi, ƙididdiga, wayar da kan jama'a, da kuma jami'an da ke zagaya makarantu suna duba aiki. Ta hannunsa rahoton hedimasta ke bi. Shi ke da fayil ɗin kowane malami, shi ke sanin wanda ya zo aiki da wanda ya yi ɓatan dabo, shi ke tura sunayen waɗanda lokacin ƙarin girmansu ya yi, shi ke raba littattafai da alli idan sun iso. Ba wani ofishin gwamnati da ya kai shi kusanci da aji.

Sai dai kusancin bai zo da iko ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta tsara hawa uku: UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, a Abuja; SUBEB, takwararta ta jiha, a kowace jiha, sai LGEA a kowace ƙaramar hukuma. Dokar ta faɗa ƙarara cewa LGEA tana ƙarƙashin kulawar SUBEB. Ke nan Sakataren Ilimi na Giwa ko na Kauru yana zaune ne a yankin ciyaman, amma umarninsa daga Kaduna yake zuwa. A gefe guda kuma, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu alhakin samar da ilimin firamare da kula da shi. A Amurka, gundumar makarantu kan kasance da majalisarta da mutanen gari ke zaɓa, tana kuma samun kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidaje da filayen yankin. Mu nan ba mai jefa ƙuri'a don zaɓen ES, LGEA kuma ba ta da harajin da take karɓa.

Wannan rabe-raben yana da tarihi. Bayan an ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, a 1976, yara sun kwararo makarantu fiye da yadda aka yi tanadi, kuɗin mai ya ja baya, albashin malamai ya zama abin kuka. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don ta riƙe al'amarin. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantun kacokan ga ƙananan hukumomi, malamai suka shafe watanni ba albashi. A 1993 aka maido da hukumar, tare da hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi. Tsofaffin malaman da suka ga waɗancan shekaru biyu har yau ba su manta ba, kuma wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ke ɗar-ɗar duk lokacin da aka ce za a danƙa albashinsu a hannun ciyamomi.

To, ina kuɗin ke fitowa? Hanyoyi biyu ne manya, kuma ba su haɗuwa a ofishin LGEA.

Ta farko ita ce albashi. Bisa tsarin da aka daɗe a kai, daga kason wata-wata na ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare, tun a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kafin ciyaman ya ga abin da ya rage. Albashin nan kan lashe kaso mai tsoka na kuɗin ƙaramar hukuma, shi ya sa ciyaman zai ce maka ai shi ke biyan malamai, ya kuma faɗi gaskiya, ko da yake ba shi ke ɗaukarsu aiki ko korarsu ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau ta fuskar 'yancin ƙaramar hukuma, amma ya sake buɗe tsohuwar tambaya: idan kuɗi ya faɗa asusun ciyaman, wa zai tabbatar malami ne farkon wanda za a biya? Abin da ya faru a Abuja a 2025 ya isa misali, inda malaman firamare suka yi yajin aiki fiye da wata uku saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi da bashin da suke bi ba, 'ya'yan talakawa na zaune a gida.

Ta biyu ita ce kuɗin gini da kayan aiki. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC. Rabin wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba za ta taɓa shi ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, ta kuma gabatar da jadawalin ayyukan da za ta yi. Jihar da ba ta ajiye nata ba, kuɗinta na nan kwance a Abuja. Idan an fitar, SUBEB ce ke ba da kwangila. LGEA dai ta kawo jerin buƙatu, daga baya ta ga ɗan kwangila ya sauke yashi.

Ga yadda abin ke kasancewa a ƙasa. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji biyu a wata makarantar ƙauye. Hedimasta ya kwashe yara ya cusa su cikin ajin da ya rage, ragowar ya zaunar da su gindin darbejiya, allo jingine da kututture. Ya rubuta takarda da hannu, ya ɗauki hoton rufin a waya, ya hau babur zuwa sakatariya. "Ranka ya daɗe, in aka sake ruwa biyu bangon ma zai zube." ES ya karɓa, ya buga hatimi, ya ce, "Malam, wallahi na gani, zan tura sama." Ba yaudararsa yake yi ba. Ba shi da kuɗin bandir ɗin kwano ko ɗaya a ofishinsa. Takardar za ta je SUBEB, ta shiga layi da ɗaruruwan irinta daga makarantun firamare sama da 4,000 da jihar ke da su, ta jira jadawalin ayyuka na gaba. Kafin nan damina ta wuce. Sau da yawa wanda ke rufa asiri shi ne mai unguwa da ya tara mutane bayan sallar Juma'a ko bayan an tashi daga coci, wannan ya kawo katako, wancan ya kawo ƙusa, kafinta ya yi aikin a rabin kuɗi.

Wannan taron na mutanen gari yana da gurbi a tsarin hukuma, shi ne kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin ya haɗa da wakilin masarauta, malaman addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, har da wakilan yaran kansu, hedimasta kuma na ciki. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya yi aiki sosai wajen horar da waɗannan kwamitoci a Kaduna, Kano da Jigawa. Inda kwamitin ke da rai, za ka tarar malami na jin kunyar makara, yarinyar da aka cire don talla an bi ta gida an dawo da ita. Inda suna ne kawai a takarda, hedimasta shi kaɗai yake fama. A ganina SBMC ce kaɗai ƙofar da uba ko uwa ke da ita ta shiga maganar makaranta da hujja, kuma abin takaici ne yadda iyaye da yawa a cikin garin Kaduna ba su ma san sunan shugaban kwamitin makarantar 'ya'yansu ba.

Akwai kuma batun "kyauta". Dokar 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi, da kuma iyayen da suka ƙi kai yaro. Amma makarantar da ba a ba ta kuɗin gudanarwa a kan kari, da me za ta sayi alli, rajista da tsintsiya? Daga nan 'yan kuɗaɗen da ake ce wa yara su kawo ke samo asali. Ba na kare su, domin naira ɗari na iya hana ɗan marar hali zuwa aji. Amma hana karɓa ba tare da aiko abin da zai maye gurbinsa ba, ɗaure hedimasta ne a ce ya yi gudu.

Yaya ake gane LGEA na aiki? Hukuma na da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara: yara nawa, malamai nawa, azuzuwa nawa, bandaki nawa. Alƙaluman shiga makaranta suna da daɗin faɗa, musamman bayan da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, yara suka cika azuzuwa. Amma a Rigasa da makamantanta ana ganin aji ɗaya da yara fiye da ɗari a gaban malama guda, kuma ƙidaya ba ta faɗin ko ɗan aji huɗu zai iya karanta layi ɗaya da Hausa ko Turanci.

Babbar girgizar da ta taɓa wannan tsari ita ce jarrabawar 2017. Malaman firamare kusan 33,000 suka zauna, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, a tambayoyin da gwamnati ta ce na 'yan aji huɗu ne. Aka sallame su, NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati ta buɗe ɗaukar sababbi 25,000. A 2022 aka sake sallamar wasu sama da 2,000 bayan wata jarrabawar. Har gobe ana gardama a kan adalcin yadda aka yi, kuma akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda waɗannan mutane suka shiga aji tun farko. Shekara da shekaru aikin koyarwa a firamare ya zama abin da ake rabawa da 'yar takarda daga ɗan siyasa, kuma ta ofisoshin ƙananan hukumomi sunayen ke shiga. Maganin da aka ɗauko shi ne a ƙara janye iko zuwa Kaduna. Hakan ya toshe wata ɓaraka, ya buɗe wata: an tura matashi mai takardar shaidar malanta ta NCE daga cikin gari zuwa ƙauyen da bai san kowa ba, ba gidan malamai, kuɗin babur na cinye albashi, bayan 'yan watanni yana neman canjin wurin aiki. ES ya san makarantar da ke da malamai fiye da buƙata da wadda hedimasta da mutum ɗaya ke riƙe da aji shida, amma ba kullum maganarsa ke tasiri wajen gyara rabon ba.

Sai tsaro, wanda ba ya cikin aikin LGEA a takarda amma ya fi komai shafar ta a Birnin Gwari, Chikun, Kajuru da Giwa, inda aka rufe makarantu da dama ko aka haɗe su da na cikin gari. A ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar LEA ta Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun da safe, suka kora yara daji. Bayan fiye da mako biyu gwamnati ta sanar da kuɓutar 137. Sakataren Ilimi a irin wannan yanki ba a auna shi da ma'aunin takwaransa na Kaduna ta Arewa.

Ga uba ko uwar da ke da ƙorafi, sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa na rage wahala. Malamin da ba ya zuwa, ko kuɗin da aka ce yaro ya kawo ba bisa ƙa'ida ba, a fara da hedimasta da SBMC, in ba a ga canji ba a wuce ofishin ES, domin wannan yana cikin hurumin da zai iya motsawa a kai cikin mako. Rufi, benci, rijiyar burtsatse da ƙarin malamai kuwa na SUBEB ne. A nan abin da ke aiki shi ne takarda mai sa hannun kwamiti da mai unguwa, a bi da ita ta LGEA a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a kai wani kwafin ga kansila da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa.