Waiwaye: Taurarin Be da faifan gas ɗin da suke ginawa suna rasawa

A watan Agustan 1866, Angelo Secchi, limamin Katolika kuma masanin taurari a birnin Roma, ya saka gilashin tarwatsa haske a madubinsa na hangen nesa, ya duba Gamma Cassiopeiae, tauraron da ke tsakiyar jerin nan mai siffar harafin W a sararin arewa. Hasken tauraro idan aka tarwatsa shi yakan baje kamar bakan gizo, kuma abin da aka saba gani a cikinsa baƙaƙen layuka ne, wuraren da gas ɗin saman tauraron ya shanye wasu launuka. Wannan kuwa, a daidai gurbin da layin haidurojin ya kamata ya yi baƙi, sai ga shi yana ƙyalli fiye da abin da ke gefensa. Daga baya aka gane dalili: akwai gas mai zafi, marar kauri, a wajen jikin tauraron, yana ba da haske na kansa.

Sunan Be, da ake kiran irin waɗannan taurari da shi, ya samu karɓuwa a babban taron farko na Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya a Roma a 1922. Harafin B aji ne na taurari masu launin shuɗi-shuɗi, zafin samansu daga digiri 10,000 zuwa 30,000, nauyinsu daga ninki uku na Rana zuwa kusan ashirin. Ƙaramin e kuma alamar layuka masu ƙyalli ce. Ma'anar da ake aiki da ita yau ta ce tauraron B ne, ba cikin ƙattin da suka tsufa suka kumbura ba, wanda ke nuna layin haidurojin mai ƙyalli, ko ya taɓa nunawa ko da sau ɗaya. A kan wannan "ya taɓa" ɗin duk muhawarar take, domin gas ɗin zuwa yake yi yana tafiya.

Otto Struve na cibiyar Yerkes a Amurka shi ya fara kama bakin zaren, a 1931. Ya lura baƙaƙen layukan waɗannan taurari suna da faɗi sosai, abin da ke nuna juyi mai tsanani: gefe ɗaya na tauraron na tahowa wajenmu, ɗaya na gudu daga gare mu, sai layin ya baje. Rana na juyawa da kusan kilomita 2 a daƙiƙa a ƙugunta. Waɗannan kuwa ɗaruruwan kilomita suke yi. Struve ya ce juyin ne ke sa tauraron ya baje a ƙugu har ya zubar da gas, gas ɗin ya zama zobe, wato faifai, yana kewaya shi. Ya kuma bayyana bambancin siffar layukan da kusurwar kallo. Wanda muke kallo ta saman kai, layinsa tsini ɗaya ne siriri. Wanda ke karkace, tsini biyu, ɗaya daga gefen da ke tahowa, ɗaya daga mai tafiya. Wanda muke kallo ta gefe sak, gas ɗin ya shiga tsakaninmu da tauraron, sai a ga siraran baƙaƙen layuka sun yanka ta tsakiya.

Siffar da ya zana ta tsaya har yau. Inda aka samu cikas shi ne dalilin zubewar.

Gamma Cassiopeiae da kansa ya nuna haka. A 1937 ya yi haske har ya kai 1.6 a ma'aunin hasken taurari, wanda ƙaramar lamba ke nufin ƙarin haske, sannan ya dushe zuwa wajen 3 a 1940, yau kuma yana kusa da 2.2. Pleione, ɗaya daga cikin taurarin Kaza da 'Ya'yanta, an ga layukansa masu ƙyalli a ƙarshen ƙarni na 19, suka ɓace farkon ƙarni na 20, suka dawo a 1938. Tauraron da ya ninka Rana nauyi sau da yawa ba ya canza saurin juyinsa cikin shekara goma. Da juyi kaɗai ne ke fitar da gas, da faifan bai riƙa zuwa yana tafiya ba.

Lissafin ma bai cika ba. Kafin gas ya rabu da ƙugun tauraro ya zauna a falakinsa, wato hanyar kewaya tauraron, sai gudunsa ya kai gudun kewaye a wurin. A ɗauka gudun nan kilomita 500 ne a daƙiƙa, tauraron kuma na juyi da kashi 80 cikin ɗari na hakan: saura kilomita 100 ke nan, alhali gudun sauti a saman irin wannan tauraro bai wuce kilomita 20 ba. Giɓin ba ƙarami ba ne. Kuma auna juyin kansa na da tarko. Tun 1924 Hugo von Zeipel ya nuna tauraro mai saurin juyi ƙugunsa ya fi ƙuryoyinsa biyu, wato samansa da ƙasansa, sanyi da duhu. Wato wurin da ya fi gudu shi ya fi ƙarancin haske, don haka faɗin layi yakan nuna gudun da bai kai na gaskiya ba. Townsend da Owocki da Howarth sun jaddada wannan a 2004, suka ce mai yiwuwa taurarin sun fi kusa da iyaka fiye da yadda ake zato.

An bi hanyoyin da ba su ɓulle ba. A 1993 Bjorkman da Cassinelli sun kawo ra'ayin cewa iskar da tauraron ke hurawa daga sama da ƙasa juyi ke lanƙwasa ta, ta haɗu a ƙugu ta matse ta zama faifai. Ra'ayi ne mai kyan gani, amma bai daɗe ba: a 1996 aka nuna cewa idan an saka duhun ƙugu da ainihin yadda haske ke tura gas a lissafin, iskar ƙuryoyi take nufa, ba ƙugu ba. Aka koma kan maganaɗisu, cewa shi ke riƙe gas yana wulwula shi. Nan ma matsala biyu: gas ɗin da aka wulwula haka ko ya faɗo ko ya tsere, ba ya zama, sannan binciken da aka yi wa taurarin Be da dama bai gano babban filin maganaɗisu mai tsari ko a guda ɗaya ba.

Bayanin da ya tsira ya fito ne daga Japan a 1991, daga Lee da Osaki da Saio. Sun aro lissafin da Shakura da Sunyaev suka yi a 1973 don faifan da ke zuba gas cikin baƙin rami, wato abin da tsananin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa, suka juya shi. A can gas ciki yake nufa, a nan waje. Ga yadda abin yake: wani abu ya jefa gas cikin falaki dab da ƙugun tauraron. Zoben ciki ya fi na waje gudu, kuma hargitsin da ke cikin gas ɗin na sa zobban su riƙa gogar juna kamar suna da danƙo. Na ciki ya miƙa wa na waje ƙarfin juyinsa, shi ya rasa, ya faɗa kan tauraron. Na waje ya samu, ya ƙara nisa. Mafi yawan gas ɗin da aka jefa komawa yake yi. Ɗan kaɗan ne ke ɗauke da ƙarfin juyin sauran yana faɗaɗa faifan. Ana auna ƙarfin danƙon da lamba guda, alfa.

Faifan siriri ne ƙwarai kusa da tauraron, yana ɗan buɗewa da nisa. Nauyin gas a gindinsa tsakanin kashi ɗaya cikin tiriliyan ne zuwa ɗaya cikin biliyan goma na giram a kowane gurbi mai santimita ɗaya ta kowane gefe, abin da bai kai ko kusa da iskar da muke shaƙa ba. Zafinsa kusan kashi 60 cikin ɗari na zafin saman tauraron. Jan layin haidurojin, mai tsawon zango nanomita 656.3, daga yanki mai faɗi yake fitowa, ninkin girman tauraron sau da yawa, hasken da ido ke gani kuma daga ɗan yankin ciki kawai. Wannan bambanci na da amfani ga mai lura: kowane launi wani sashe na faifan yake ba da labari.

Shaidar ido ta zo da dabarar haɗa hasken madubai da dama su yi aiki kamar ƙaton madubi ɗaya. A 1997 Quirrenbach da abokan aikinsa, a dutsen Wilson na Kalifoniya, sun auna taurarin Be bakwai, suka tabbatar gas ɗin a baje yake, ba dunƙule kamar ƙwallo ba. A 2007 aka nuna da madubin VLT na Chile cewa faifan Alpha Arae na kewaye ne bisa ƙa'idar Kepler, wato kamar yadda duniyoyi ke kewaya Rana, na nesa ya fi jinkiri. Tauraron Achernar kuwa ya ba da darasi kan gaggawa. A 2003 an auna shi aka ce faɗinsa a ƙugu ya ninka tsayinsa sau 1.56, alhali iyakar da lissafi mafi sauƙi ya yarda da ita 1.5 ce. Da aka sake aunawa lokacin da babu faifai, sai aka samu kusan 1.35. Gas ɗin gefe ne ya shiga awon farko.

Akwai kuma wani daɗaɗɗen abin mamaki da wannan bayani ya warware. A taurari da yawa tsinin layin biyu ba sa daidaita: na ɓangaren shuɗi, wato na gefen da ke tahowa, ya yi tsawo na wasu shekaru, sannan na ɓangaren ja, na gefen mai tafiya, ya karɓa. Atsuo Okazaki ya nuna a 1991 cewa gas ne ke taruwa a gefe ɗaya na faifan, tarin na zagayawa a hankali. A Zeta Tauri an bi zagaye irin wannan mai kusan kwana 1,400.

Saura tambayar farko: me ke jefa gas ɗin? Jefawar, wato tumbuɗin, takan zo ne kwatsam. Cikin 'yan kwanaki fikafikan layukan su faɗaɗa, alamar sabon gas mai gudu dab da tauraron, tsinin biyu su riƙa musayar tsawo cikin kwana ɗaya ko biyu domin gas ɗin bai gama zagaye ƙugun ba. Tauraron da muke kallo ta sama ya ƙara haske, tunda faifan ya ƙara fili mai haskawa. Wanda muke kallo ta gefe kuma dushewa yake yi, faifan ya tare shi. Da tumbuɗin ya tsaya, cikin faifan ne ke fara wofinta, na waje ya daɗe yana nan. Shi ya sa haske kan koma daidai tun jan layin bai gushe ba, kuma wanda ya dogara da awo ɗaya zai yi kuskuren lokacin.

Dietrich Baade ya gano a 1982 cewa layukan Omega Canis Majoris na sauya siffa duk kwana 1.37. Ba kumbura da motsewa tauraron ke yi gaba ɗaya ba. Igiyoyi ne ke zagaya jikinsa, wani sashe na tashi wani na sauka. A 1998 Rivinius da abokan aikinsa suka kawo hujja mafi ƙarfi daga Mu Centauri. Yana da igiyoyi da dama masu zango kusan rabin yini, bambancinsu ɗan kaɗan. Kamar agogo biyu ne da ɗaya ya ɗan fi sauri: lokaci-lokaci bugunsu ya haɗu. A irin wannan lokacin tumbuɗin ke faruwa, har aka iya hasashen na gaba. Kumbon CoRoT ya kama tauraron HD 49330 yana tumbuɗi daidai lokacin da ƙarfin igiyoyinsa ke sauyawa, kumbon TESS kuma, da aka harba a 2018, ya nuna kusan duk taurarin Be da ya duba suna da irin wannan bugu. Sai dai a yi adalci: tsabtar misalin Mu Centauri ba ta maimaitu a yawancin taurari ba, kuma yadda igiyar ke cike giɓin gudun dalla-dalla har yanzu ana kan lissafinsa. Alfa ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga dushewar faifan Omega Canis Majoris an fara samun kusan 1 a 2012, bincike na gaba ya nuna tana sauyawa, ta fi girma lokacin gini fiye da lokacin rushewa.

Daga ina saurin juyin ya samo asali tun farko? Amsa ɗaya mai ƙarfi ita ce abokin zama. Taurari biyu na kewaya juna, babban ya tsufa ya kumbura, ya zuba wa ƙaramin gas, zubin ya wulwula shi. Abin da ya rage na babban ƙaramar cibiya ce mai tsananin zafi, kuma madubin Hubble ya tabbatar da irinta a gefen Phi Persei a 1998, tana zagaye cikin kwana 127. HR 6819, da aka sanar a 2020 cewa yana ɗauke da baƙin rami mafi kusa da mu, ya zama tauraron Be ne da abokinsa da aka yi wa irin wannan tatsar. Idan abokin ya fashe ya bar tauraron niyutiron, wato matsattsiyar cibiyarsa da ta rage, duk sanda ya ratso kusa da faifan sai ya ɗebi gas ya yi walƙiyar eksire, kamar A0535+26 da aka gano a 1975, mai zagayen kwana 111.

Delta Scorpii, a goshin jerin taurarin Kunama, an daɗe ana ɗaukarsa tauraron B na yau da kullum. A tsakiyar 2000 Sebastián Otero, mai kallon taurari don sha'awa a Ajantina, ya lura da ido kawai cewa ya ƙara haske. Daga 2.3 ya haura har wajen 1.6, faifai ya bayyana, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da abokinsa, mai doguwar falakin shekara 10.8, ya matso dab da shi. Ya sake matsowa a 2011 da 2022, faifan bai watse ba. Irin wannan bibiya ta shekaru ba ta samun gurbi a manyan madubai, don haka masu ƙananan na'urori a gidajensu ke cike ta, suna zuba awonsu a rumbun BeSS na cibiyar nazarin taurari ta Faris. Matsowa ta gaba tana wajen 2033.