Tsarin Tara Maki a Aji

Tsarin tara maki hanya ce ta auna ƙoƙarin ɗalibi, inda kowane aiki yake da makinsa, a ƙarshen zango a haɗa su a fitar da jimilla bisa ɗari. Shi ake bi a makarantun firamare da sakandare na Jos, na gwamnati da masu zaman kansu.

Tarihi

A da, jarrabawar ƙarshe ce kusan kaɗai ke yanke wa yaro hukunci. Wanda zazzaɓi ya kwantar a makon jarrabawa, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya share fagen sauyi, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi gwajin bi-da-bi, wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da CA. Ya kankama ne tare da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), wajen 1982, ko da yake jihohi ba su fara lokaci guda ba.

Yadda ake lissafi

Shekarar karatu zango uku ce. Yawanci CA na ɗaukar maki 30 ko 40, jarrabawa ta ɗauki sauran 70 ko 60. Idan ɗaliba ta ci 8 da 7 a tes biyu, 9 a aikin gida, sannan 48 a jarrabawa, tana da 72 ke nan. Malamin darasi ya miƙa wa malamin aji, shi kuma ya haɗa darussa duka, ya fitar da matsakaici, ya jera na ɗaya har na ƙarshe. Wannan jerin ne iyaye suka fi dubawa a katin sakamako. A makarantu da dama, matsakaicin zango ukun ne ke nuna wanda zai wuce da wanda zai maimaita aji.

Sakandare da yawa na aron ma'aunin WAEC: A1 daga maki 75, C6 daga 50, ƙasa da 40 kuma F9.

A jami'a

A Jami'ar Jos, maki 70 zuwa sama A ne, mai daraja 5 a lissafin matsakaicin sakamakon ɗalibi.

Saɓani

Wasu makarantu sun daina rubuta matsayin ɗalibi, suna cewa yana karya gwiwar na baya. Ana kuma zargin wasu malamai da cike gurbin CA ba tare da sun yi tes ba.