Gyambon babban hanji: gano abincin da ke tayar da alamomi

Gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira ulcerative colitis, ciwo ne mai daɗewa da ke sa fatar cikin babban hanji ta kumbura ta yi miki. Daga dubura yake farawa ya hau sama ba tare da ya tsallake wuri ba. A jikin wasu yakan tsaya nan ƙasa, a jikin wasu kuma ya mamaye babban hanjin baki ɗaya. Alamominsa su ne gudawa mai jini da majina, murɗawar ciki, matsuwar bayan gida wadda ba ta jira, yunƙurin da ba ya fitar da komai, da kasala. Daban yake da gyambon ciki da aka fi sani da olsa, daban kuma da atuni, duk da cewa atuni kan yi kama da shi. Wani likitan Ingila, Samuel Wilks, ya bayyana shi a 1859. Ya fi kama mutum tsakanin shekara 15 da 30, kuma halinsa ke nan ya tashi ya lafa, ya sake tashi.

Tushen ciwon yana cikin garkuwar jiki, wadda ke far wa hanjin mai ita, tare da hannun gado da na ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji. Ba wani abinci guda ne ke haifar da shi ba, kuma babu tsarin cin abincin da aka tabbatar yana warkar da shi. Magunguna irin su mesalazine, prednisolone, azathioprine da infliximab su ne ke kwantar da kumburin. Amma masu ciwon da yawa sun san cewa akwai abin da in suka ci, ranar ba za ta yi musu daɗi ba. Gano wannan abin, ba tare da an haramta wa kai abin da bai yi laifi ba, shi ne aikin.

Alama daban, kumburi daban

Nan ne ruɗani ya fi yawa. Abinci na iya sa ciki ya cika da iska, ya murɗa, ya sako gudawa, alhali hanjin bai ƙara kumbura ko kaɗan ba. Haka kuma kumburi na iya ci gaba a ɓoye ga mutumin da ya tsare bakinsa yana jin sauƙi. Shi ya sa likita ba ya dogara da yadda majiyyaci ke ji kawai. Yakan duba sinadarin kalprotektin a bahaya, wanda ke hauhawa idan akwai kumburi, ya auna jini, wani lokaci ya leƙa hanjin da na'ura. Ganin jini a bahaya kuwa ba maganar abinci ba ce, maganar magani ce.

Akwai kuma wata ɗabi'ar jiki da ke sa a ɗora wa abinci laifin da ba nasa ba. Da zarar abinci ya sauka a tumbi, babban hanji yakan motsa don ya fitar da abin da ke cikinsa tun da farko. Ga mai kumburarren hanji wannan motsi yana da ƙarfi ƙwarai. Sai mutum ya yi loma biyar ya ruga banɗaki, ya ce ai wannan abincin ne, alhali abin da ya haɗiya yanzu sai ya shafe awanni kafin ya isa babban hanji. Mai yiwuwa na daren jiya ne ya yi aikin, ko kuma yawan abin da aka ci a zama ɗaya.

Waɗanda aka fi zargi

Madara ce kan gaba. Tun a 1961 Sidney Truelove, likita a Oxford, ya ba da rahoton majiyyatan da ciwonsu ke tashi idan sun sha madara, kuma tun daga lokacin zargin bai bar ta ba. Abin da aka fahimta daga baya shi ne kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da sukarin madara, wato laktos, yadda ya kamata, ko suna da wannan ciwo ko ba su da shi. Wanda yake cikinsu zai ji iska da gudawa, wanda ba ya ciki ba shi da dalilin barin ta. Ana tantancewa da gwajin numfashi. Ko waɗanda laktos ke damu, da yawansu suna jure yogot da busasshen cuku, domin laktos ɗin cukun kaɗan ne, bakteriyar da ke cikin yogot kuma suna taimakawa wajen narkar da nasa.

Sai faiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa. Iri biyu ne. Akwai mai kaushi wanda ba ya narkewa a ruwa, kamar dusa, ɓawon 'ya'yan itace, ɗanyen ganye, gyaɗa da ƙananan iri. Wannan yakan ƙara gudawa da ciwo lokacin da hanji ke da miki. Akwai kuma mai laushi da ke jiƙewa ya yi yauƙi, kamar na ayaba, dafaffen karas da hatsin oat, wanda yakan daure bahaya. Bakteriyar hanji na sarrafa faiba su fitar da sinadarin butiret, kuma shi ne babban abincin ƙwayoyin fatar babban hanji. Saboda haka rage faiba dabara ce ta lokacin tashin ciwo kawai. Sau da yawa ma ba sai an bar kayan lambun ba: a fere, a cire iri, a dafa ya yi laushi ko a niƙa.

Kofi da sauran abin sha mai kafeyin suna zaburar da hanji. Barkono na ƙara zafi da matsuwa. Soye-soye masu maiƙo, giya, lemon kwalba mai gas, da zaƙin sobitol da ake sa wa cingam marar sukari duk suna cikin jerin. A kan jan nama akwai hujjar da ta wuce ƙorafi: wani bincike da aka wallafa a 2004 ya bi majiyyata 191 a Ingila tsawon shekara guda, ya ga ciwon ya fi dawowa ga masu yawan cin nama, musamman ja da wanda aka sarrafa a masana'anta, da masu yawan shan giya. Alaƙa ce aka gani, ba tabbacin sanadi ba, amma ta isa a sassauta.

Yadda ake ganowa

Littafin abinci shi ne kayan aiki na farko. Ana rubuta abin da aka ci da lokacinsa da yawansa da yadda aka dafa shi, har da abin da aka sa a miya. A gefe guda a rubuta sau nawa aka zaga, ko an tashi cikin dare, ko akwai jini, da kamannin bahayar; ma'aunin Bristol, mai lamba 1 zuwa 7, yana sauƙaƙa wannan. Kada a manta da abubuwan da ba abinci ba: maganin da aka tsallake, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac waɗanda kan tayar da ciwon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, rashin barci, damuwa, da jinin al'ada. Idan babu waɗannan a rubuce, albasa za ta ɗauki laifin ƙwayar da aka sha don ciwon kai.

Bayan makonni biyu zuwa huɗu sai a duba abin da ke maimaituwa. Faruwa sau ɗaya ba hujja ba ce. Idan an sami wanda ake zargi, a cire shi shi kaɗai na kamar mako biyu, komai ya ci gaba yadda yake. Daga nan a dawo da shi a hankali cikin kwana uku: ɗan kaɗan ranar farko, a ƙara a ta biyu, cikakken kaso a ta uku. Mai gwada madara, misali, zai fara da rubu'in kofi, washegari rabi, sannan kofi guda. In rabin bai dame shi ba sai cikakken, to ya gano iyakarsa, kuma madara ba ta haramta gare shi ba. Yawancin abubuwan da ke tayar da alamomi haka suke, adadi ne ke magana.

Ba a yin wannan gwaji ana tsakiyar tashin ciwo, domin a lokacin kusan komai yana damun hanji, kuma sakamakon ba zai zama abin dogaro ba. Abin da ya gagara a lokacin ya cancanci a sake gwada shi bayan an samu lafawa. Gwajin jinin IgG da ake tallatawa da sunan gano abincin da bai karɓi mutum ba, ƙungiyoyin likitocin alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu, ba su amince da shi ba.

Tsarin FODMAP

Ga wanda kumburinsa ya kwanta amma iska da gudawa suka ƙi tafiya, akwai tsarin da masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, suka fito da shi. Yana rage wasu nau'ikan sukari, waɗanda ake kira FODMAP a taƙaice, da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa sosai, waɗanda ke jawo ruwa kuma bakteriya su mayar da su iska. Ana samunsu a alkama, albasa, tafarnuwa, wake, madara, zuma, tuffa da mangwaro. A wani gwaji na King's College da ke Landan, wanda aka wallafa a 2020 kan majiyyata 52 da kumburin hanjinsu ya lafa, kashi 52 cikin ɗari na masu bin tsarin sun samu sauƙi, a rukunin da bai bi shi ba kuwa kashi 16. Sakamakon gwajin kumburi bai canza ba, kuma wasu bakteriya masu amfani sun ragu. Don haka makonni biyu zuwa shida kawai ake yi a matakin ƙauracewa, ƙarƙashin kulawar masanin abinci, sannan a shiga dawo da abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

Haɗarin yawan ƙauracewa

Abin da ya fi ba masu kula da majiyyata tausayi shi ne mutumin da tsoro ya sa ya yi ta zubar da abinci har ya rage daga farar shinkafa sai ruwan zafi. Mai wannan ciwo dama yana asarar jini, ga ƙarancin sinadarin ƙarfe na jiransa. In ya sha prednisolone na tsawon lokaci ƙashinsa na yin rauni, barin madara ba tare da madadin kalsiyam da bitamin D ba kuwa ƙari ne a kan rauni. Ga yara, abin yakan taɓa girma. Duk abin da aka cire, a nemo wanda zai maye gurbinsa. A 2024 ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Amurka ta ba da shawarar cewa, in babu wani dalili na musamman, majiyyata su karkata ga cimar yankin Bahar Rum: kayan lambu, 'ya'yan itace, kifi da man zaitun, tare da rage jan nama, sukari da abincin masana'anta.

Idan gudawa mai jini ta kai sau shida ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri ko jiri, wannan tashi ne mai tsanani da ke buƙatar asibiti a ranar, ba sauya abinci ba.