Kansila Ba Na Waɗanda Suka Zaɓe Shi Kaɗai Ba Ne

An daɗe ana cewa wanda bai zaɓi kansila ba, ba shi da bakin kai masa kuka. Zafin yaƙin neman zaɓe ne ke sa mutane jin haka, amma ba haka abin yake ba. Da zarar an rantsar da kansila, wakilin mazaɓa ne baki ɗaya: ɗan adawa, ɗan haya, har wanda bai fita zaɓe ba. Ƙuri'a ma a asirce ake kaɗa ta, to ta yaya zai tantance? Abin takaici, wannan tunani na hana mutane kai ƙorafin magudanar ruwa ko shara. Mai son tabbatarwa ya nemi dokar ƙananan hukumomi a sakatariya ko intanet, ya karanta ayyukan kansila. Don Allah a tura wa maƙwabta wannan bayani.