Waiwaye: Wasiƙun Darwin da Malamansa Limaman Coci

Masu ba da tarihin taƙaddamar da ta biyo bayan littafin Charles Darwin na 1859 kan asalin halittu, wanda ya ce nau'o'in halittu suna sauyawa a hankali daga waɗanda suka gabace su, sukan nuna kamar masana kimiyya na gefe guda, limaman coci na ɗaya gefen. Wasiƙun zamanin ba su goyi bayan wannan rabe-raben ba, domin a Ingila ta ƙarni na 19 sau da yawa farfesa da limamin mutum ɗaya ne. Kafin dokar 1871, samun matsayin malanta a Oksfod ko Kemburij yana tafiya ne da amincewa da aƙidar Cocin Ingila.

John Henslow, farfesan ilimin tsirrai a Kemburij kuma limamin coci, shi ne ya rubuta wa Darwin a watan Agustan 1831 yana sanar da shi gurbin mai nazarin halittu da ke cikin jirgin ruwa na Beagle, tafiyar da ta zama tushen binciken nasa. Adam Sedgwick, wanda ya koya masa nazarin duwatsu a Wales a wannan watan, shi ma limami ne. Sauƙin da gidan waya ya samu daga 1840, lokacin da kuɗin aika wasiƙa ya koma kwabo ɗaya, ya ƙara yawan irin wannan musaya.

Da littafin ya fito, Sedgwick ya aika wa tsohon ɗalibinsa wasiƙa ranar 24 ga Nuwamba 1859, yana cewa baƙin cikin da karatunsa ya jawo masa ya fi daɗin da ya ji, amma duk da zafin sukar ya sa hannu a matsayin tsohon aminin da bai juya baya ba. Kwanaki kaɗan kafin nan Charles Kingsley, limamin Eversley, ya rubuta cewa Mahaliccin da ya samar da halittu masu iya sauyawa da kansu girmansa bai ragu ba, Darwin kuwa ya saka wannan magana a bugu na biyu ba tare da ambaton sunansa ba.

Henslow ne ya fi shiga tsaka mai wuya. Bai karɓi ra'ayin gaba ɗaya ba, amma a watan Mayun 1860 ya tashi ya kare ɗalibinsa daga sukar Sedgwick a wani taro a Kemburij, sannan ya labarta wa surukinsa Joseph Hooker yadda aka yi a cikin wasiƙa.