Waiwaye: Yadda Sudan da Hausawanta Suka Shiga Addu'ar da Ake Yi wa 'Yan Mishan

A majami'u da dama na Jos da Kagoro da Gombe, haka ma na Kanada da Ingila, ba a rasa ranar da ake ware wa 'yan mishan. Ana karanta sunayensu, a faɗi ƙasar da kowa yake, sannan a roƙi Allah ya kiyaye lafiyarsu, ya sa a ba su biza, ya buɗe musu ƙofa. Sudan ta daɗe a wannan jeri. A wasu takardun addu'ar ma har mu Hausawan Sudan ake ambata da suna, cikin al'ummun da suke cewa bishara ba ta kai gare su ba tukuna. In irin wannan takarda ta faɗo wayar wani a Mai Wurno ko Gadarif, abin da ake fara ji shi ne, "To mu kuma me ya kawo mu ciki?" Abin da ya kawo mu ciki ya girmi duk wanda ke numfashi yau.

Sudan ɗin da Turawan mishan suka fara yi wa addu'a ba wannan ta Khartum ba ce. A taswirar ƙarni na 19, Sudan na nufin duk shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, daga Sanagal har Bahar Maliya, kuma idon masu addu'ar na kan Kano da Sakkwato. A birnin Toronto akwai wata dattijuwa, Margaret Gowans, da abin ya tsaya wa a rai. Ɗanta Walter ya riga ya yi niyyar tafiya, ita kuma ta shawo kan wani saurayi, Rowland Bingham, ya bi shi. Su biyu da wani Ba'amurke, Thomas Kent, suka sauka Legas a watan Disamba 1893, babu wata babbar coci da ta ɗauki nauyinsu. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 zazzaɓi ya sake kora shi, sai a 1902 ƙungiyarsa ta samu wurin zama a Patigi, ƙasar Nufe. Ita ce aka sani da SIM, wato Sudan Interior Mission, kuma takenta har yau shi ne "ta wurin addu'a".

Wannan take ba ado ba ne, tsarin aiki ne. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun bi sawun Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865 a kan cewa ba za a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi ba, abin da Allah ya kawo shi za a raba. Saboda haka kowane ɗan mishan yana da mutanensa a gida da yake rubuta wa wasiƙa: ga wanda ba shi da lafiya, ga harshen da nake fama da shi, ga rufin makaranta da iska ta yaye. Su kuma su taru a falon wani ko a ɗakin coci su karanta, su yi addu'a, su yi baiko. Addu'a da kuɗi a ambulan ɗaya suke tafiya. Ayoyin da suka fi jingina da su biyu ne: Matiyu 9:38, inda aka ce a roƙi Ubangijin girbi ya aiko ma'aikata, da Kolosiyawa 4:3, inda Bulus ya nemi a roƙa masa buɗewar ƙofa.

Ƙungiya ta biyu, SUM, wato Sudan United Mission, wani Bajamushe ne, Karl Kumm, ya kafa ta, kuma a Wase ta fara sauka a 1904. Kumm bai ɓoye manufarsa ba. So yake a jera tashoshin mishan daga kogin Kwara har kogin Nilu, don a tare Musulunci kada ya isa ga ƙabilun da ke bin addinin gargajiya. Wato Musulmi ba su ne gonar da ya yi niyyar nomawa ba, shinge yake son ja a gabansu. Don ya ga hanyar da idonsa, ya keta ƙasar Chadi ta yau da Afirka ta Tsakiya, ya fito ta Wau, ya isa Khartum a ƙarshen 1909.

A shekarun nan kuwa kakanninmu ma gabas suka nufa, amma da wata niyya dabam. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da ragowar jama'a, suna gudun mulkin Nasara, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake yanzu. Ga kuma alhazai masu tafiya a ƙafa, waɗanda guzuri ya ƙare musu suka tsaya neman na jirgin ruwa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai zaman ya miƙe. Sun gudo daga Ingilishi sun iske Ingilishi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Ingilishin nan ne suka tsaya tsakaninsu da 'yan mishan.

Bayan yaƙin Karari na 1898, inda Ingilishi suka rushe daular Mahadi, manyansu a Sudan da Masar, Kitchener da Cromer, ba abin da suke tsoro kamar a sake tayar da wani Mahadi. Don haka suka hana wa'azin Kiristanci a tsakanin Musulmin arewacin Sudan. Llewellyn Gwynne na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ya iso a 1899 da niyyar wa'azi, aka ce ya tsaya ga hidimar sojoji da Kiristocin da ke gari. Daga baya aka yarda da makaranta da asibiti, shi ya sa ake da asibitin mishan a Umdurman da Kwalejin Comboni da aka buɗe a Khartum a 1929, inda 'ya'yan manyan Musulmi da yawa suka yi karatu suka fita da addininsu. Kudu kuwa aka yanka ta aka raba wa ƙungiyoyi: Katolika 'yan Italiya nan, CMS can, Amurkawa a Doleib Hill daga 1902. A ƙasar Hausa ma haka aka yi. Sarkin Kano Alu ya sallami Bishop Tugwell da ayarinsa a 1900, Lugard kuma ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, abin da Dokta Walter Miller na Zariya ya daɗe yana ƙorafi a kai. In ka lura, addu'ar "a buɗe ƙofa" ta wancan zamani, rabinta a kan gwamnonin Ingila ake yin ta, 'yan'uwansu Kiristoci, domin makullin a hannunsu yake.

Da ƙungiyoyin nan biyu suka ƙaraso Sudan ta Nilu, inda doka ta bari nan suka sauka. Reshen SUM na Ostireliya da Niyu Zilan ya fara a Melut a 1913, ya koma Heiban cikin Duwatsun Nuba a 1920. SIM kuwa Italiya ce ta koro ta daga Habasha, sai ta tsallako a ƙarshen shekarun 1930 ta zauna a Doro cikin Mabaan da Chali cikin Uduk. A watan Agusta 1940 jiragen Italiya suka yi wa Doro ruwan bama-bamai, suka kashe likitan tashar, Robert Grieve, da matarsa Claire. Chali tana yankin Kurmuk ne, cikin jihar da mutanenmu na Damazin da Rusairis ke noma da su da kasuwanci. Maƙwabtaka ta samu, ana haɗuwa a kasuwa, amma coci ba ta tsiro a cikin Hausawan Sudan ba yadda ta tsiro a Nuba da Uduk.

Can Najeriya kuwa abin ya juya ta wata fuska. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa. Cocin ECWA ta fito daga SIM a 1954, majami'un da suka fito daga SUM kuma suka haɗu a 1955 da sunan Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, kafin daga baya su maye gurbin Sudan da Najeriya. Su ma suka fara tura nasu masu bishara. Shi ya sa yau da yawa daga cikin addu'o'in da ake yi wa aikin mishan a Sudan, da Hausa ake yin su, a bakin matan zumunta masu ɗaure da zane iri ɗaya.

Bayan Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, gwamnatin Khartum ta ɗauki mishan a matsayin ragowar mulkin mallaka da ke hura wutar rabuwa a kudu. A 1957 aka karɓe makarantunsu na kudu. A 1960 aka mayar da ranar hutu daga Lahadi zuwa Juma'a a can. A 1962 gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta yi dokar da ta ce sai da lasisi za a yi aikin mishan, sannan a watan Fabrairu 1964 ta kori duk 'yan mishan baƙi daga kudu, kimanin mutum 300, yawancinsu Katolika.

A ganina nan ne tarihin ya fi ban mamaki, kuma nan ne ɓangarorin biyu suka yi kuskuren lissafi. Gwamnati ta ɗauka in Bature ya tafi coci za ta mutu. Masu addu'a a Turai ma, da yawansu, haka suka ji tsoro. Sai ga shi bayan tafiyar Turawan ne jama'a suka yi ta shiga Kiristanci a kudu da Nuba da ƙasar Uduk, a hannun fastoci da katikis 'yan ƙasa, cikin yaƙi da gudun hijira. Sudan Interior Church da Sudanese Church of Christ, waɗanda suka gaji SIM da SUM, 'yan Sudan ne ke riƙe da su. Daga nan sunayen da ke cikin takardun addu'a suka fara canjawa. Wurin da ake rubuta sunan ma'aikaciyar jinya 'yar Ostireliya, sai aka koma rubuta na fasto Banube.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Yarjejeniyar Adis Ababa ta 1972, wadda ta tsayar da yaƙin kudu na farko, ta bar wasu suka dawo da sunan agaji. Shugaba Numairi ya kafa dokokin Satumba, wato na shari'ar Musulunci, a 1983. Gwamnatin Umar al-Bashir ta sa hukuncin kisa kan ridda a dokar 1991. Fafaroma John Paul na biyu ya zo Khartum a 1993, aka soke dokar 1962 a shekarar da ta biyo. Bayan ɓallewar kudu a 2011 aka sake matsawa: an kori Kiristoci baƙi da dama, gwamnati ta ce ba ta ƙara ba da izinin gina sabuwar coci. Shari'ar Maryam Yahya Ibrahim a 2014, wadda aka yanke wa hukuncin kisa kan ridda tana da ciki kafin a sake ta, da tsare Petr Jašek, ma'aikacin agaji Kirista ɗan ƙasar Cak, daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2017, su suka sake dawo da Sudan bakin masu addu'a a duniya. A watan Yuli 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke hukuncin ridda.

Ba zan ce Musulmin da ya ga sunan ƙabilarsa a irin takardun nan ba shi da dalilin jin ciwo ba. Ba wanda ke son a ɗauke shi gona mai jiran girbi, balle mutanen da kakanninsu suka bar gida da gonaki don tsare addini. Su ma masu rubuta takardun sau da yawa lamba suke gani a taswira, ba su san Burmi ba, ba su san dalilin da ya sa ake da sarauta a Mai Wurno ba. Amma fa wanda ya yi imani da abu, dole ya so wa wani, mu ma muna yi wa masu da'awa addu'a a masallatai ba mu ɗauke shi laifi ba. Kuma wanda ake yi wa addu'ar yanzu galibi ba Khawaja, wato Bature, ba ne, mutumin da kuke layin burodi tare ne, wanda ke zuwa kanisa ran Lahadi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya kwashe baƙin da suka rage cikin 'yan makonni, ta jirgin sama da ta Fot Sudan. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja suka ƙwato ta a Janairu 2025, kuma a tsakani an lalata majami'u da masallatai. Ƙungiyoyin mishan da yawa yanzu daga waje suke aiki, a Sudan ta Kudu da gabashin Chadi da Masar, cikin 'yan gudun hijira. Doro kanta tun 2011 sansanin 'yan gudun hijira ce a cikin Sudan ta Kudu, kuma akasarin mazaunanta Uduk ne daga jihar Shuɗin Nilu.