Wai mene ne "sinadari" da kowa ke gudu?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Jos ba ka ci karo da kalmar sinadari ba. Mai tallar maganin basir zai rantse maka cewa nasa zallar itatuwa ne, babu sinadari ko ƙwaya ɗaya. Mai man gyaran fata ma haka take faɗa. Shi kuwa ɗan siyasa a bakinsa abin yabo ne, wai ubangidansa shi ne sinadarin ci gaban jiha. Kalma ɗaya, da safe guba, da yamma kirari.

Ta masu maganin ce ta fi ɓata mini rai. Ruwan da za ka kora maganin da shi sinadari ne, gishirin miya sinadari ne, kanwa ma haka. Ganyen tazargade da ake taƙama da shi, daga irinsa ne Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ta tatso sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti da shi a yau, har ta samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2015. Wanda ya ce maganinsa ba sinadari, ko dai bai san abin da ke cikin kwalbarsa ba, ko ba ya so ka tambaya.

A tsohuwar Hausa, kalmar ta maƙera ce. Sinadari shi ne abin da ake narkawa a liƙe ƙarfe da ƙarfe, irin wanda mai gyaran rediyo ke ɗiga wa waya da bakin ƙarfe mai zafi, ya ɗan yi hayaƙi, ya daskare yana ƙyalli. Galibi da kuza ake haɗa shi, wadda haƙarta ce ta tara mutane a garin nan tun zamanin Turawa. Wato asalin aikinsa haɗawa ne, kuma a ganina wannan tsohuwar ma'anar ta fi kusa da abin da masana kimiyyar sinadarai ke yi.

Dubi kyautar Nobel ta wannan fanni ta 2025, wadda aka raba wa Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, da Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Japan, da Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Ba wani sabon abu suka tono daga ƙasa ba. Ƙwayoyin ƙarfe suka ɗauka, irin su tagulla da tutiya, suka ɗaure su da dogayen ƙwayoyi masu ɗauke da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, sai aka samu gini mai ɗakuna fanko birjik, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. MOF ake kiransa, a taƙaicen sunansa na Turanci. Robson ne ya fara gwadawa a 1989, amma nasa bai da ƙwari, yana saurin rushewa. Kitagawa ya nuna cewa iskar gas na iya shiga ɗakunan ta fita. A 1999 Yaghi ya gina MOF-5, wanda in aka shimfiɗa bangon ɗakunan da ke cikin giram biyu kacal nasa, zai kai faɗin filin ƙwallo.

Yaghin nan ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira ne, an haife shi a Amman ta Jodan a 1965. A ɗaki guda ya tashi da 'yan'uwansa da dabbobin gidan, ruwan famfo kuwa sai a kwana da yawa bai zo ba, in ya zo sai kowa ya yi rige-rigen cika mazubi. Mutumin Unguwar Rogo ta nan Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Yana shekara 15 ya tafi Amurka karatu.

To a nan ne aka sake kwafsawa. Na ji ana yaɗa cewa wai Balarabe ya gano sinadarin da ke ƙera ruwa. Ba ya ƙera komai. Ko a hamada akwai ɗan danshi a iska. Da dare MOF, wanda kamar gari yake, yakan kama danshin ya riƙe a ɗakunansa, da rana ta ɗumama shi sai ya sake shi, tururin ya taru ya zama ruwan sha. An gwada wannan a hamadar Arizona kuma ya yi aiki. Wasu ire-irensa ana gwada su wajen kama iskar kabon daga hayaƙin masana'antu. Amma ruwan da ake samu ya danganta ne da yawan garin da kuma danshin da ke wurin, na'urar da ke wannan aiki kuma ba ta zama kayan da za ka saya a kasuwar Taminus ba tukuna. Saboda haka masu cewa 'yan garuwa sun kusa rasa sana'a su dakata, har yanzu da kurarsu za mu ci gaba da cika randa.